Rasuwar Dattijuwa, Motar da Na Raba da Likitanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yau yake laluben makulli a aljihu duk safiya, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa taimakawa wajen tura ta, rasuwar motata wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe biyu na rana, a tsakiyar cunkoso, tsakanin wata motar siminti da wata bas, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta rasu tana da shekara goma sha tara a hannuna, ban da waɗanda ta yi wajen mai ita na farko, waɗanda dillali ya rantse ba su wuce uku ba.

Marigayiya ruwan toka ce, mai ƙofa huɗu, ta daɗe uku ne kawai suke buɗuwa ta waje. Ba a san ta da gaggawa ba. A iya sanina ba ta taɓa wuce wata mota a kan hawa ba, sai fa wadda ta lalace. Matata, Allah Ya jiƙanta, ita ta raɗa mata wannan suna, ta ce tafiyarta irin ta wanda ya gama ganin duniya ce. Da safe in na murɗa makulli takan ce “kyar-kyar-kyar”, ta yi tari sau biyu, ta ɗan yi shiru har gabana ya faɗi, sannan ta ce “gurrr”. In za ta sha kwanar hagu takan ce “ƙiii”, ta dama kuwa ba ta cewa komai, kuma ba wanda ya taɓa gano dalili.

Ita ta kai yarana uku makaranta har suka gama. Ita ta kai 'yata ta fari jami'a da katifa ɗaure a saman mota. Ita ta kai matata asibiti tafiyar ƙarshe, ta dawo da ni kujerar gefe ba kowa. Tun daga ranar ban matsar da kujerar nan ba, tana nan a inda matata ta daidaita ta da tsawon ƙafarta.

Ta rasu ta bar tayar safaya ɗaya mai faci shida, da jak, da igiyar ja, da wani tsohon tabarau na matata a aljihun gaba. Ta bar tabon baƙin mai a ƙofar gida wanda ruwan sama ya kasa wankewa. Ta kuma bar ni, ɗan fansho mai shekara sittin da takwas, a gida mai ɗaki huɗu wanda uku a rufe suke.

Akwai kuma wanda ta bari da ya fi kowa haƙƙin a sanar da shi, kuma shi ne ban sanar ba. Likitanta ke nan, wani bakanike da ake kira Mai Kunne. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan kasuwar katako, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ga tsofaffin tayoyi a jibge, ga wata kujerar mota da aka ciro aka jingina da bango don masu jira. Ba ya fara buɗe bonet. Sai ya tsaya, ya karkatar da kai, ya ce, “Ba ta wuta.” Ya saurara. “Isa haka.” Sannan ya faɗi ciwon, kuma sau tara cikin goma shi ne.

Ba zan yi masa ƙaryar yabo ba don ana makoki. In ya ce awa ɗaya, ka sallami wunin. Ba ya gama aiki bai bar noti ɗaya a ƙasa ba, in ka nuna masa ya ce kamfani ne ya sa da yawa. Sitiyari kan dawo da shatin yatsunsa biyar, matata ta sha yin mita a kan haka. Kayan gyaran da yake samowa wani ya yi shekara biyar, wani sati biyar.

Amma bayan na yi ritaya, matata ta rasu, yara kowa ya kama gabansa a wani gari, sai na fara jin ƙararraki a jikin Dattijuwa waɗanda ba kowa ke ji ba. Duk sati sai na kai ta. Mai Kunne ya karkatar da kai, ya saurara, kuma na san ya san lafiyarta ƙalau. Duk da haka sai ya buɗe bonet, ya ɗaure wani abin da yake a ɗaure, ya ce, “Malam, wannan sai an sa mata ido. Zauna tukuna.” Sai in zauna har la'asar, yana aiki ina surutu. Akwai makonnin da in ka cire gaisuwar mai shago, shi kaɗai ne ya ji muryata. Bai taɓa nuna ya gane ba, ni ma ban taɓa gode masa ba.

Shekara biyu da suka wuce ya yi mata wani aiki, ya kira ni gefen inji ya nuna mini wata jar waya. Ya ce, “Malam, riƙe wannan da kyau. Allurar zafin nan maƙaryaciya ce, ko wuta ake hurawa a ciki tsakiya za ta nuna maka. Wayar fanka kuma ta karye a can ciki, yau ta yi gobe ta ƙi, shi ya sa na haɗa ta kai tsaye da wannan. Duk wanda ya buɗe motar nan bayana, ka ce kada ya taɓa ta.” Na ce, “Wa zai buɗe ta in ba kai ba?” Muka yi dariya.

Bara 'yata ta fari ta zo hutu. Na je ɗauko ta, Dattijuwa ta mutu mana sau biyu a hanya, muka biya ta gareji. Ta tsaya tana kallon rumfar, ta tattare rigarta kada ta taɓa wani abu. Da muka koma gida ta ce, “Haba Baba! Motar da kake hawa kai kaɗai, a hannun mutumin da ke gyara da kunne? In ta tsaya da kai inda ba kowa fa, wa zai sani? Ka bari a kai ta kamfaninta, ni zan ɗauki nauyi.” Ba ta yi laifi ba, tsoro ne ya sa ta magana. Ni kuma ban yi musu ba, don an daɗe ba a yi mini faɗa saboda ana so na ba, kuma ya yi mini daɗi.

Kamfani wuri ne na gilashi da sanyi. Suka sa wa kujerarta leda, suka ba ni lamba, suka zaunar da ni gaban talabijin da ba sauti. Ba a barin mai mota ya je kusa da motarsa, sai dai ka hango ta ta gilashi. Gaskiyarsu kuma zan faɗa: sun ce ƙarfe ɗaya, ƙarfe ɗaya suka gama. Birkin da ya daɗe yana wasa ya kama. Ƙofa ta huɗu ta buɗe, karon farko cikin shekara takwas. Ko noti ɗaya bai rage ba.

Kafin a shiga da ita, wata matashiya mai ladabi ta zo da takarda tana cikewa. Ta ce, “Baba, kafin yau wa yake duba muku ita?” Na dubi mutanen da ke zaune kusa da ni, kowa da makullin sabuwar mota a hannu. Na tuna rumfar kwano da baƙar ƙasa. Na ce, “Ba kowa.” Ta rubuta, ta yi godiya, ta wuce. Wanda ya ce ba kowa ba shi da bakin da zai ce akwai wata jar waya, don za a tambaye shi wa ya sa.

Sun ga wayar. Suka cire ta, suka mayar da komai yadda littafinsu ya ce. Na'urarsu ta ce lafiya, kuma a ranar lafiyar ce. Sun ma rubuta abin da suka yi a shafi na biyu na takardar da suka ba ni, wadda na ninke na jefa aljihun gaba ban karanta ba sai shekaranjiya.

Wata goma sha ɗaya ban taka gareji ba. Ba faɗa muka yi ba, kunya ce kawai, kuma kowane sati tana ƙara nauyi. Na koma zaman gida, ina goge motar da ba ƙura a jikinta. Sau ɗaya muka haɗu, a ƙofar mai sayar da batir. Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya dubi takardar kamfani da aka manna a gilashi, ya ce, “Ta yi kyau, Malam. A'a, har ƙofar ta buɗe!” Na tayar da ita, sai na ga ya karkatar da kai. Ya ce, “Malam, tsaya, ban ji fanka ba.” Na ce sauri nake, na ɗaga gilashi. Ni, da ba wanda ke jira na a ko'ina.

Ranar Talata rana ta take, cunkoso ya ƙi motsi. Allura tana tsakiya, tana ce mini komai lafiya. Sai na ji ƙauri. Dattijuwa ta ce “taf-taf-taf”, muryar da ban taɓa ji daga gare ta ba, sannan ta ce “shhhh”, farin tururi ya rufe gilashi. Ta ja wani dogon numfashi ta yi shiru. Na murɗa makulli, ko “kyar” ɗaya ba ta ce ba. Wasu mutum biyu da ban sani ba suka tura mu gefe, suka tafi kafin in ga fuskarsu da kyau.

Kamfani sun duba, sun ce inji ya ƙone, sun ba ni haƙuri cikin mutunci. 'Yata ta ce, “Baba, mota ce fa, tunda kai lafiyarka ƙalau.” Ta ƙara da cewa da ma idona ya yi rauni, tuƙin ya isa haka, ƙannenta kuma sun goyi bayanta. Wasu maƙwabta sun ce a kai wa Mai Kunne, zai samo tsohon inji. Na san zai iya. Na kuma san ba zai ce mini uffan ba, abin da na kasa ɗauka ke nan. Iyalan marigayiya ba su zargin kamfani, ba su zargin rana, ba su zargin 'yata. An san wanda aka bai wa saƙo ya ƙi isarwa.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe tara na safe daga ƙofar gidana zuwa filin 'yan gwangwan, inda za a rarraba ta. Ba za a yi zaman makoki ba, ba don an rasa kujeru ba, masu zama ne babu. Mai rakiya mutum ɗaya ne, zai zauna a gaba kusa da direban motar janwe da za ta ja ta. Na roƙi direban ya bar babban titi ya bi ta bayan kasuwar katako, ya ce hanyar ta fi nisa, na ce na sani. In ya zo daidai rumfar zai tsaya, don likitanta ya gan ta, ya cire duk abin da yake so a jikinta.

A nan ni zan sauka, Dattijuwa ta ƙarasa tafiyarta ita kaɗai. Shekara goma sha tara ban taɓa shiga wurin nan ba sai da abin gyara. Ban sani ba ko ana barin wanda ba shi da mota ya zauna. Zan tambaya.

Sanarwa daga mai ita, a madadin sauran iyali.