Ranar da Na Yi Wasiyya a Cikin Akwati

Yanzu mantuwa ta fara kama ni, har makullin mota nakan nema alhali yana hannuna, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wasiyya a cikin akwati ba.

Zamanin ne da kuɗin fetur ya fara shigo wa gwamnati, ana sayen komai, har da jiragen yaƙi. (Lokacin ko jihar Katsina ba a yi ba.) Ina ƙaramin hafsa a sojan sama, na gama koyon tuƙi a ƙananan jiragen horo, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Ni ɗan Pauwa ne. In na zo hutu, ranar kasuwar Ƙanƙara sai in sa kaki in yi ta zagayawa kamar mai neman wani abu, alhali ko allura ba zan saya ba. Ba abin da nake so illa in ji ana cewa, "Ga ɗan Malam can, mai tuƙin jirgi."

Sai aka zaɓe mu, mu shida, aka tura mu wata ƙasa mai tsananin sanyi mu koyi sabon jirgin da aka sayo. Tun a gida aka gaya mana cewa duk wanda ya kasa za a dawo da shi ya zauna a tebur yana sa hannu a takardu. A cikin mu shidan ni kaɗai ne Bahaushe.

Ranar da aka buɗe mana rumfar jirgin, sai muka kewaye jirgin muna kallo. Siriri ne kamar mashi, fukafukansa gajeru, jikinsa sai ƙyalli yake. Aka ce ya fi sauti gudu, wato sai ya wuce ka sannan ka ji ƙararsa. Na ɗora tafin hannuna a jikinsa, na ji sanyin ƙarfen har cikin ƙashi, na ce a raina, ɗan Adam ne fa ya ƙera wannan. Jiragen da na saba da su sai suka koma mini kamar keken haya.

Amma ba a bari mun hau ba. Aka ce sai mun ci jarrabawar akwati tukuna.

Akwatin nan na'ura ce ta koyon tuƙi. An ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe masu lanƙwashewa, a cikin wani ƙaton ɗaki. In ka hau tsani ka shiga, sai ka tarar da mazaunin matuƙi sak irin na jirgin, da kujerarsa da sandarsa da agogunansa fiye da yadda ido zai ƙirga. A rufe ka, a gabanka allo ya haska, ga titin jirgi ya miƙe. Ka tura mai, akwatin ya ɗau ruri, kujera ta danne maka baya, ƙasa ta sulale ƙarƙashinka. Tashina na farko na ga koguna da gonaki da ƙauyuka suna wucewa, na juya sanda duniya ta karkace, har sai da na riƙe numfashi. Na tuna lokacin da nake tsaron gero a kan dakali a gonarmu, ina kallon shaho ina tunanin ko me yake gani.

Malaminmu wani dattijo ne mai furfura, tsohon matuƙin yaƙi, ba ya dariya, kuma ta bakin tafinta yake mana magana. Bayan tashin farkon ya kai mu ɗakin da ke gefe, ya nuna mana ƙasar da muka yi shawagi a kai. Wani allo ne a jikin bango, tsawonsa bai fi katangar masallacin Juma'a ba. Itatuwan da soso aka yi su, gidajen kuwa ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Wata 'yar kyamara ce take yawo a kansa tana bin hannun matuƙi. Na daɗe a tsaye ina kallo. (Na faɗi wannan ne don ku san cewa na gani da idona, na san ƙarya ce. Ba ni da uzuri.)

Abu guda malamin ya fi nanata mana. Akwai agogon da yake nuna wa matuƙi ko jirgi a miƙe yake ko a karkace, wanda da shi kaɗai ake dogara in an shiga gajimare. A jiragenmu na gida, layin da ke wakiltar ƙasa shi yake karkacewa. A wannan jirgin kuwa layin a tsaye yake, ɗan hoton jirgin ne yake juyawa. Ya ce wanda ya karanta shi da tsohon ido zai gyara ta inda bai kamata ba. Abokaina suka yi ta rubutu. Ni kuwa na gyaɗa kai na ce wa tafinta, "Gaya masa wannan ai ƙaramin abu ne."

Ranar jarrabawa aka ɗaure ni da bel, aka sa mini hular ƙarfe da abin numfashi, aka rufe. Aikin shi ne in bi jirgin abokin gaba in harbo shi. Na tashi lafiya. Can na hango shi, ɗan ɗigo baƙi, na bi shi. Ya karya hagu na karya, ya yi sama na yi sama, jinina ya ɗau zafi, na manta da soso da kyamara. Sai ya faɗa cikin gajimare, ni ma na afka.

Komai ya zama fari fat. Ba sama, ba ƙasa. Na duba agogon nan, tsohon idona ya ce mini na karkata dama, sai na ja hagu. Ya ƙara karkata, na ƙara ja. Akwatin ya fara jijjiga, wata ƙararrawa ta kama kuka a kunnena, allurar tsayi tana juyawa baya kamar an kunce ta. Ina jin muryar tafinta yana cewa in saki sanda in duba da kyau, amma kamar daga ƙasan rijiya yake magana. Da na fito daga gajimaren sai na ga gonaki a saman kaina, suna tahowa da gudu.

Na finciki hannun da ake ja kujera ta harba matuƙi waje. Ba abin da ya motsa. Na sake ja. Shiru. Wallahi a wannan lokacin ban da wata shakka cewa kwanana ya ƙare. Na yi kalmar shahada da ƙarfi, sannan bakina ya ci gaba da kansa.

"Inna, ki yahe mini. Inna, ki ce ma Baba shi ke da gaskiya, da na zamna na yi noma. Gonata a ba Sale, keken kuma a ba Iya Abu ta saida. Wayyo Inna."

Allo ya yi baƙi. Ƙara ta ɗauke. Ina zaune cikin duhu ina haki, har na fara mamakin yadda kabari yake warin roba.

Aka ɗaga murfi. Haske ya shigo, na ga babban yatsana a danne kan maɓallin rediyo, ya yi fari don matsa. Duk abin da na faɗa ta lasifika ya fita. Na ce to, da sauƙi, ai ba mai jin Hausa. Na sauko tsani, sai na ga ɗakin cike da mutane. Ashe bayan an rufe ni wata tawaga ta iso daga gida don ta ga yadda muke ci gaba. A gabanta akwai wani babban hafsa, dogo, mai gashin baki. Na ƙame na sara masa. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Sannu da dawowa," in ji shi da Hausar gidanmu. "Kai ɗan ina ne?"

"Pauwa, ranka ya daɗe."

"Ni ko mutumin Faskari ne. Gonar nan da ka ba Sale, ta hwadama ce ko ta tudu?"

Na ce ta tudu ce. Ban san me ya sa na amsa ba.

Da nan aka tsaya da na gode wa Allah. Amma malaminmu ya ce yana so ya san abin da ɗalibinsa ya faɗa, don ƙa'ida ce a rubuta duk maganar matuƙi. Babban hafsan ya mayar da ita Turanci, jimla bayan jimla, bai tsallake ko keken ba. Tafinta ya mayar da ita harshensu. Wata mata tana rubutawa. Ina tsaye a ƙame, gumi yana bin bayana cikin wannan sanyi, ina sauraron wasiyyata cikin harsuna uku. Abokaina biyar sun juya sun fuskanci bango, kafaɗunsu sai rawa suke.

Malamin kaɗai ne bai yi ko murmushi ba. Ya yi magana a hankali, tafinta ya fassara. Ya ce a rayuwarsa ya sha jin maza suna kiran uwayensu ta rediyo, amma a jirgin gaske ne, kuma babu wanda ya sauko tsani bayan haka. Ya ce don wannan aka gina akwatin, don mutum ya mutu da safe ya sha shayi da rana. Sannan ya ce ya ba ni mako guda, in na sake karanta agogon nan a juye, in haɗa kayana.

Makon nan na zana agogon a takarda na manna a bangon ɗakina, da jikin ƙofa, har da bayan gida. Na mutu a akwatin sau biyu kuma, amma da baki a rufe. A rana ta bakwai na shiga gajimare na fito a miƙe. Da aka ba ni jirgin gaske, na hau har inda sama take komawa shuɗi mai duhu, na ga gefen duniya ya ɗan lanƙwasa, ban iya cewa komai ba sai tasbihi. Abokaina dai ba su ƙara kirana da sunana ba. Har muka yi ritaya Kyaftin Inna nake.

Na ɗauka maganar ta tsaya a can. Da na zo hutu sai na tarar mutumin Faskari ya riga ni. Ya biyo ta Pauwa a hanyarsa ta zuwa gida, ya gaida iyayena, ya zauna a zaure ya ba da labarin kaf. Baba ya bari sai da muka ci tuwo muka wanke hannu.

"An ce ka ba ƙanenka gona," ya ce. "To, Sale ya riga ya kai taki. Sai ku sasanta."

Inna kuwa tana bakin murhu, ba ta ko ɗago kai ba. "Ku bar mini yaro," ta ce. "Duk mutanen duniya, ni ya kira."

Na yi shekaru ina tuƙa jirgin nan, kuma na koyar da wasu. Duk ɗalibin da ya ce mini abu ƙarami ne, shi nake fara turawa cikin gajimare. Ni kuwa darasina biyu ne. In malami yana magana ina rubutawa. In kuma tsoro ya kama ni zan kira Inna, sai na fara ɗage yatsana daga kan rediyo.