Ranar da Ɗan Kabu-kabu Ya Ba da Shaida a Kaina

Ba zan taɓa mantawa da wannan Lahadin ba, kuma har yau in na tuna Danladi ɗan kabu-kabu sai raina ya ɓaci sabo fil. (Na san ni ne mai laifi. Amma ku bari in gama tukuna.)

Kusan shekara guda kafin nan ne likita ya ce ina da hawan jini. Ya hana ni gishiri da kitse, ya ce in riƙa tafiya a ƙasa kullum. Ban yi musu ba, don ga yayana Bawa nan kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, sai an juya shi. Wata huɗu cur ina takawa daga gidana a Rikoto zuwa ofis, har wandona ya fara zamewa. Sai Kirsimeti ta zo, bukukuwan aure suka biyo baya, wannan ya yanka akuya, wancan ya aiko da cinya. Kafin Ista tumbina ya dawo har da 'yan rakiya.

Matata Laraba ce ta raka ni awo, ta ga yadda likita ya haɗe rai. Muna isa gida ta ɗauke makullin babur ɗina ta ƙulle a bakin zane. Na yi mata alkawarin komawa takawa, kuma da gaske nake. Kwana uku na yi. Ran na huɗu na tsaya gindin mangwaron da ke bayan layinmu ina haki, sai ga Danladi ya ja birki ya ce, "Oga, hau mana." To ni na kira shi? Ban kira shi ba. Na dai hau.

Daga nan abin ya zama tsari. Ya ɗauke ni a gindin mangwaro, ya sauke ni a kwanar da ke kafin ofis, in shafa ruwa a goshi da wuyan riga, in ƙarasa ina share zufar ƙarya. Da yamma ma haka, sai dai mukan biya wurin mai tsire. Laraba kuwa ta tare ni da ruwan wanka da sannu da ƙoƙari, ta zuba min miyata da ta dafa daban, ba gishiri.

Ranar Lahadin, da aka zo lokacin shaida a majami'a, sai Laraba ta miƙe. Ta gode wa Allah cewa maigidanta ya faɗi ya tashi, yau wata biyu ke nan a ƙasa yake zuwa aiki. Matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Fasto ya ce in miƙe a gan ni. Na miƙe ina tsotse ciki, har da ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Daidai nan Danladi ya shigo a makare. Bai ji komai ba, ya dai ga ana tafa min, sai ya ɗaga hannu.

"Ni ma ina da shaida a kan Oga," in ji shi. "Wata biyu ke nan, safe da yamma, ni nake kai shi aiki in dawo da shi. Bai taɓa hawan babur ɗin wani ba. Tsire ma in ya saya sai ya ba ni tsinke ɗaya. Allah ya ƙara masa."

Wata tsohuwa da ba ta ji sosai ta ce amin da ƙarfi, sai dariya ta ɓarke har dattawa. Ni kuma ina tsaye, na manta yadda ake zama. Don Allah, wa ya aike shi? Mutum ya riƙe ka da amana, ya ci da kai, ka zo ka kwance masa zane a gaban Allah da jama'a, wai godiya kake yi.

Laraba ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Da aka tashi ba ta nufi gida ba, gidan Yaya Bawa ta kai ni. Ta karɓi kwanon kunu da cokali daga hannun matarsa, ta miƙa min.

"Ba shi," ta ce. "Ka lura da kyau, don ka gaya min yadda kake so in riƙa ba ka naka."

Tun daga ranar nake takawa, na gaske. Ko da na so hawa ma, babu ɗan kabu-kabun da zai tsaya min a garin nan, labari ya riga ya kai musu. Danladi kan wuce ni ya danna hon ya ce sannu da ƙoƙari, ba na amsa masa. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa matarka ƙarya, ka fara tambayar ɗan kabu-kabun wace majami'a yake zuwa.