Ka Ɗan Matsa Surukata Ta Ga Dutse

Zuwa ga Mai Girma Gajimare, mazaunin Dutsen Kilimanjaro, mai shayar da gonakinmu na ayaba da na kofi, wanda ba a aika wa sammaci.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama, ina fatan kana jin daɗin zamanka a kan dutsenmu, don ga alama wurin ya karɓe ka. Ni ne Hemedi Swai, mai masaukin baƙi a ƙauyen Machame, mai barandar nan da aka jera wa kujeru suna fuskantarka. Ba dominka aka jera su ba. Ka ba ni izini in gabatar da kokena.

Na farko. Baƙona yakan taso daga ƙarshen duniya, ya shiga daji zaki ya fito masa, giwa ta tsaya ya ɗauke ta hoto, har damisa mai kunya ta leƙo daga kan reshe. Sannan ya iso wurina in nuna masa dutsen da ya fi kowanne tsawo a Afirka. In miƙa hannu, sai ga ka fari fat. Wani Bajamushe ya tambaye ni cikin ladabi ko na tabbata ta wannan ɓangaren dutsen yake. A nan aka yanke mini cibiya, ranka ya daɗe. Ya dace a riƙa yi mini irin wannan tambaya?

Na biyu. Direbobin da ke kai baƙi tsallaken iyaka suna nuna mini hotuna a waya: dutsenmu fes, ƙanƙara na sheƙi a kansa, giwayen Kenya sun jeru a gaba kamar gadon ubansu. Ba na zargin mai girma da son kai. Tambaya kawai nake yi, can ba su da sararin da za ka ɗan yada zango ne?

Na uku, kuma shi ne ya hana ni cin abinci. Surukata, Bi Zuhura, ta zo daga Pangani, can bakin teku. Lokacin da nake neman auren 'yarta Mwanaidi, na cika baki cewa zan ajiye ta inda za ta riƙa shanya wanki tana kallon ƙanƙara. Tsohuwar ba ta taɓa zuwa ganin ƙwaƙwaf ba sai bana. Na san za ka ce wa ya aike ni in gayyato ta tsakiyar damina, alhali kowa ya san kana bakin aiki. To yaushe zan gayyato ta? Da rani kowane ɗaki da baƙo a ciki, sai damina ake samun gadon da za a ba suruka. Duk mai masauki a nan haka yake yi, shi ya sa a dangin matanmu babu wanda ya yarda akwai dutsen.

Kullum da safe takan fito baranda, zani kan zani, ga rigar sanyina a sama, ta dube ka, ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, yau ma bai tashi daga barci ba?" Na sa an dafa mata faten ayaba da nama, ta juya cokali ta ce abinci ba kwakwa ai na majinyata ne. Jiya kuma cewa ta yi, "Mu tekunmu ba ya ɓuyar wa baƙo. In ya ja baya da safe, kafin la'asar ya dawo ya gaishe ka." Aka nemi shaidar Mwanaidi, wadda ta ga dutsen nan sau ba adadi, sai ta ce ita dai ba ta cika ɗaga kai ba.

Na huɗu. Shekaranjiya, gari na wayewa, ka yaye gaba ɗaya. Dutse ya fito har sai da na ji ƙwalla. Na ruga ina buga ƙofa ina cewa, "Mama, ku fito ku gani." Ashe ta riga ta hau lazimi, kuma surukata ba ta yi wa Ubangijinta gaggawa. Sai da ta yi wa jikoki addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Tana sa ƙafa a baranda, ka koma ka zauna daram. Ta daɗe tana kallona cikin tausayi, sannan ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗan nan." Wannan aiki ne, ranka ya daɗe, ko da gayya?

Ga inda maganar take. Ƙanen surukata yana da masauki a bakin teku da ya rasa mai riƙe masa, Mwanaidi kuma ta daɗe tana kukan sanyi. Zuciya ta ɗebe ni shekaranjiyar nan, na rantse gaban liman da maƙwabta cewa idan Mama ta hau motar komawa gida ranar Lahadi ba ta ga dutsen ba, zan rufe gida mu koma Pangani. Gaskiya tsoro nake ji. Ban iya iyo ba, ƙarnin kifi yana tayar mini da zuciya, kuma mahaifina yana kwance a kabarinsa cikin gonar ayabarmu, babu mai share masa ganye sai ni.

Ba cewa nake ka bar ƙasar ba, mu su wa da za mu kori mai ba mu ruwa. Roƙona ka ɗan matsa gefe ranar Lahadi da safe, bayan ta shafa addu'a, gwargwadon shan kofin shayi.

Idan kuwa girmanka ya hana, to ka tattara kayanka ka biyo mu Pangani. Ka zauna a kan tekun nan ka ƙi tashi, Turawan da ke shanya jiki a yashi su watse, ƙila a gaji da ni a sallamo ni gida. Ko hakan bai yiwu ba, ka zo dai. Ban san kowa a can ba, kuma a duk Machame babu fuskar da na saba da ita kamar taka.

Naka mai biyayya, wanda wuyansa ya ƙage wajen ɗaga kai gare ka,

Hemedi Swai,
Machame.