Gyaran Iya Marka

A kasuwar garinmu akwai wata mata mai sayar da wake da gero, ana ce mata Iya Marka. Tun da mijinta ya rasu ta gaji rumfarsa da kwanon awonsa, shekara goma sha tara ke nan, kuma ba a taɓa jin ta sayi ko allura ba tare da ta taya ba. Ko kuɗin mota sai ta yi ciniki da kwandasta har ya gaji ya ce ta shiga. To, ana nan sai ƙaramar hukuma ta sa aka zaga da lasifika cewa an ƙara harajin kasuwa. Duk buhun da aka buɗe don sayarwa, daga ɗari biyu ya koma ɗari biyar. Wai za a gyara hanyar gari, a sayo motocin haya, a haƙa rijiyar burtsatse. Wanda ya ƙi biya kuwa a garƙame masa rumfa.

Ran kasuwa da hantsi sai ga Malam Lawwali mai karɓar haraji, da littafin rasit a hammata da kwado a hannu. Ya tsaya gaban rumfar Iya ya gaishe ta, ya ƙirga buhu ɗaya a buɗe.

"Iya, ɗari biyar ne yanzu."

Iya ta gyara zama kamar wadda aka kawo wa atamfa talla. Ta ce, "Na taya ɗari biyu da hamsin."

"Iya, haraji ba a tayawa."

"To ka ce albarka mana, sai in ƙara. Haka ake yi, ɗan nan. Wa ya koya maka kasuwa?"

Malam Lawwali ya zaro takarda mai hatimi ya miƙa mata. Ya ce ga shi nan a rubuce. Iya ta karɓa ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta mayar masa.

"Ni ba ta ce mini komai ba. Kai da ka iya jin maganarta, faɗa mini, ƙarin ɗari ukun na mene ne?"

"Kuɗin gyara ne, Iya. Gyaran hanya."

"Wace hanyar? Wadda mota ta faɗa rami da ni har buhuna ya fashe, kaji suka yi walima da wakena? Ba ita kuka karɓi kuɗin gyaranta bara ba?"

"Ana kan shiri, Iya. Ki biya dai, baɗi war haka za ki gani da idonki."

"In biya yau, in ga kaya baɗi?"

Malam Lawwali ya ɗaga kwadon nan ya ɗan kaɗa shi. Iya ta dubi kwado, ta dubi rumfar marigayi. Masu rumfunan kusa duk sun baza kunne, don ba su taɓa ganin ranar da aka faɗa wa Marka farashi ta biya yadda aka faɗa ba. Ta kwance bakin zani a hankali, ta zaro kuɗin ɗaya bayan ɗaya kamar ana cire mata haƙori, ta ajiye masa a kan buhu. Ko hannu ba ta miƙa masa ba.

Ya yage rasit ya ba ta. Ta naɗe shi ta toshe ɓular da ke gindin buhun gero.

Malam Lawwali ya zaga kasuwa ya gama karɓe-karɓensa. Can da azahar sai ya tuna maiɗakinsa ta ce kada ya dawo ba wake, kuma kowa ya san duk kasuwar ba mai wake mai kyau, marar ƙwari, kamar na Iya Marka. Ya dawo yana murmushi, ya ɓoye kwadon a aljihu.

"Iya, a auna mini kwano biyu."

Ta auna masa kwano biyu cif. Ta sa tafin hannu ta share kan kwanon, ko ƙwaya ɗaya ba ta bari ta yi tozo ba. Ta juye masa a leda, ta karɓi kuɗinta ta ɗaure.

Malam Lawwali bai tafi ba. Ya tsaya riƙe da bakin leda a buɗe yana jiran ɗan ƙarin da ake zuba wa mai saye bayan awo. Iya kuwa ta ɗauki faifai tana fifita, tana kallon hanya.

Da ya gaji da jira sai ya ce, "Haba Iya, ba gyara?"

Iya ta miƙa masa hannu.

"Akwai mana, ɗan nan. Kawo ɗari uku, baɗi war haka ka zo ka duba ko na fara zubawa."