Mai Kilishi a Cikin Gajimare

Wani ne mai kilishi a kasuwar Wunti, nan cikin Bauchi. Kilishinsa kam ba a magana, in ka sa a baki sai ka lumshe ido. Aibinsa ɗaya, a tsohuwar jarida yake naɗe wa mutane. Ka sayi kilishi ka ci, ka kuma karanta labarin bara kyauta.

Babbar mai sayen kayansa ita ce Madam Christiana, mai wani kanti a GRA. Duk watan Disamba, in mutanen kudu za su tafi gida Kirsimeti, kilishi suke yi wa 'yan'uwa tsaraba. Ita kuwa Madam sai ta ba da oda mai kauri, kuma da wannan odar mutumin yake rufa wa kansa asiri har shekara ta zagayo. To bana sai ga Salihu, maƙwabcinsa a layin masu nama, ya fara kai wa Madam ɗanɗano a cikin jaka mai sheƙi, da sunansa ɓaro-ɓaro a jiki.

Madam ba ta ɓoye masa ba. Ta ce, "Malam, naka ya fi daɗi, amma na Salihu ya fi kyau a kan kanta. Bana mutum ɗaya zan ba. Ka nuna mini abin da za ka iya."

Maganar nan ta tsaya masa a wuya. Wai shi ne Salihu zai kayar saboda jaka! Washegari ko shago bai buɗe ba, ya tari keke sai unguwar Ɗan Iya, wajen wata Bayarabiya mai suna Folake, wadda take buga wa 'yan kasuwa jaka da kwali na raba wa kwastomomi kyauta.

Ya ce, "Hajiya Madam, kwali nake so wanda in mutum ya gani zai miƙe tsaye."

Folake ta ɗauko jakar takarda mai hannu.

Ya ce, "Irin ta Salihu ce. Mayar."

Ta ɗauko kwali mai 'yar taga a gaba. "Wannan, ana ganin kaya daga waje."

"Taga? Kilishin ne zai leƙo ya gaishe da jama'a? Mayar."

Ta ɗauko ja, ya ce ya yi kama da na maganin sauro. Ta ɗauko kore, ya ce na shayi ne. Folake ta fara gumi. Can sai idonsa ya faɗa kan wani kwali a saman kanta, fari fat, gefensa ruwan zinare. A tsakiya ga hoton wani dattijo yana kallon sama, gajimare ya kewaye shi, fararen tattabaru biyu suna tashi a kansa. A ƙasa an yi rubutun Turanci mai lanƙwasa, da lambobin shekara guda biyu, da ɗan layi a tsakaninsu.

Mutumin ya dafe ƙirji. "Ashe kina da irin wannan kike ta ɓata mini lokaci? Sauko da shi."

Folake ta ce, "A'a Oga, wannan ba naka ba. Na jana'iza ne. Mutanenmu, idan babba ya mutu, iyali yana buga irin wannan, yana raba wa waɗanda ya zo."

"To shi da ya mutu me zai yi da kwali mai kyau haka? Ni da nake da rai ai na fi shi buƙata."

"Oga, mutane zai yi tunani..."

"Kwali ya san mai rai da matacce ne? Ki cire dattijon ki sa ni."

Ta yi bayani, ta sake yi. Shi kuwa duk abin da take faɗa, abu ɗaya yake ji a ransa: matar nan ta ware mai kyau ta ajiye wa 'yan garinsu, shi za ta sallame shi da na shayi. Ya nuna rubutun da yatsa.

"Me aka ce a nan?"

"Yana nufin, ya yi rayuwa mai albarka."

"To ƙarya ne? Ban yi ba? Bar shi yadda yake. Shekarun nan fa?"

"Na farko haihuwa. Na biyu kuma..."

"Yauwa! Ki sa shekarar haihuwata, ki sa ta bana. Su lissafa da kansu, su san ba da yaro suke hulɗa ba. Tattabarun kuma sun yi kaɗan, ki ƙara. Kada a ce rowa na yi."

Folake ta ɗaga hannu sama. "Oga, Allah yana gani, na faɗa maka."

"Kin faɗa. Buga."

Daga nan ya zarce wajen mai hoto. Ya sha farar babbar riga ta Sallah, ya kafa hula, ya ɗaga haɓa yana kallon silin kamar yadda dattijon nan ya yi. Mai hoto ya ce ya ɗan yi murmushi. Ya ce a'a, manyan mutane ba sa washe haƙora.

Da kwalaye suka fito, kai, sun yi kyau! Ya jera su a tsakar gidansa a Gwallameji yana zagaya su yana kaɗa kai. Matarsa Hamsatu ta ɗauki ɗaya ta juya.

Ta ce, "Maigida, me ya kai ka cikin hadari?"

Ya ce, "Ba za ki gane ba. Harkar kasuwanci ce."

Ya cika su da kilishi mai zafi, wanda ya fi kowane kyau. Sai ya kira Modibbo mai keke, ya loda masa na Madam Christiana da na sauran kwastomominsa masu shaguna. Shi ba zai kai da kansa ba, don ya ji an ce manya aikawa suke yi.

Ya ja wa Modibbo kunne. "Ka san halinka da surutu. In ka je ka sunkuyar da kai, ka miƙa da hannu biyu. Ban da dariya, ban da hira. In an tambaye ka, ka ce daga gidansa ne, ka juyo."

Modibbo ya ce an gama.

Shi kuma tunda ya tabbata oda ta zama tasa, sai ya garƙame shago da kwaɗo, ya hau mota zuwa kasuwar Alkaleri sayen san da zai yanka na kilishin. A can ciniki ya ja, cajin waya ya ƙare, motar dawowa ta lalace. Bai damu ba. Ya kwana wajen wani ɗan'uwansa yana ta ba shi labarin tattabaru.

Washegari da la'asar ya shigo Gwallameji a gaban akori-kura, ƙaton sa a baya, shi kuma sanye da farar babbar rigar nan, don yana so in Madam ta kira ya wuce kai tsaye. Tun daga bakin layi ya hango rumfa a ƙofar gidansa. Ga kujerun roba, ga mutane cike, galibi 'yan kasuwa mutanen kudu, mata sun ɗaura baƙaƙen ɗankwali. Kusan kowa da farin kwali a cinya.

Daɗi ya kama shi. Ya daki kafaɗar direba. "Ka gani? Godiya suka zo yi. Salihu ya taɓa tara mutane haka?"

Motar ta ja da baya don a sauke sa, saboda haka ƙaton san aka fara gani. Wani dattijo daga cikin baƙin ya miƙe ya gyara murya. "Kun gani? Iyalin nan sun san abin da ya kamata. Har saniyar makoki sun kawo."

Sai ƙofar gaba ta buɗe. Mutumin ya sauko, farar riga tana kaɗawa, ya ɗaga haɓa daidai yadda yake a hoto, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, sannunku da zuwa!"

Wata mata ta dubi kwalin cinyarta, ta dube shi, ta ƙwalla ƙara. Kafin ka ce me, kujeru sun tashi sama. Dattijon nan da ya zo da sanda ya bar ta a nan, ya riga matasa kaiwa bakin titi. Madam Christiana ta rasa hanyar gudu, ta shige bayan rumfa tana kiran sunan Yesu. Sa ya firgita ya yi ta tsalle a bayan mota.

Hamsatu kuwa ba ta motsa ba. Tana tsaye a bakin zaure, ta riƙe ƙugu.

Ya ce, "Ke, me ke faruwa? Wa ya mutu?"

Ta ce, "Kai."

"Ni?"

"Tun safe suke zuwa. Na ce musu ka tafi Alkaleri, suka ce eyya, ashe a hanya abin ya faru. Na rantse musu kana da rai, suka ce in yi haƙuri, kowace mace haka take cewa ranar farko. Na kira wayarka a gabansu, a kashe. Da na gaji sai na zauna na karɓi gaisuwa. Ga shinkafa can da katan-katan na lemo sun kawo."

A hankali mutane suka fara dawowa, ana leƙe daga nesa. Madam Christiana ta fito tana haki, ta miƙa yatsa ta taɓa hannun rigarsa, ta janye da sauri.

Ta ce, "Malam, ka kusa kashe ni! Mai keke ya zo kansa a ƙasa, ya ce daga gidanka ne. Na tambaye shi yaushe, ya juya ya tafi ko magana ya kasa. Na ce wayyo, su Musulmi ba sa jira, har an binne ban sani ba. Na je kasuwa, shagonka da kwaɗo. Na tambayi Salihu, ya girgiza kai ya ce shi ma rabonsa da kai tun shekaranjiya."

Sai a lokacin mutumin ya lura da Salihu. Yana zaune a kujerar gaba, bai gudu ba, kwali a buɗe a cinyarsa yana taunar kilishi.

Salihu ya ce, "Barka da dawowa, maƙwabci. Ni dai ban yi ƙarya ba."

Mutumin ya juya ga Madam yana ƙoƙarin murmushi. "To ai shi ke nan, ga ni. Kin ɗanɗana kilishin kuwa?"

"Wa zai iya ci, kana kallon mutum daga cikin gajimare?"

"Amma kwalin ya yi kyau ai."

"Ya yi kyau sosai. Har kuka na yi."

"To odar fa, Madam? Ga sa na sayo."

Madam ta sunkuyar da kai. "Malam, ka yi haƙuri. Jiya na ba Salihu. Mutanena jibi za su hau mota, ba zan iya jiran mamaci ba."

Haka aka watse. Masu rumfa suka kwance rumfarsu, dattijo ya aiko a ɗaukar masa sandarsa. Wata ta so komawa da shinkafarta, Hamsatu ta ce abin da ya shigo gidan makoki ba ya fita. Salihu ya yi sallama cikin ladabi, har ya tambaya ko san na sayarwa ne, tunda shi yanzu yana da buƙatar nama.

Mutumin ya zauna a tsakar gida ya yi tagumi. Gefe ga sa ɗaure yana taunar wani kwali da ya faɗi, tattabaru na shiga bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Gefe kuma ga sauran kwalayen da ba a raba ba, tuli guda, daga kowanne yana kallon sama.

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Oda ta tafi, ga sa ya zame mini kaya. Yanzu waɗannan kwalayen kuma duk sun tashi a banza ke nan."

Hamsatu tana auna shinkafar gaisuwa a tukunya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Wace irin banza, Maigida? Adana su. In ranar ta zo, shekara kawai za a gyara."