Barmo da Tsirkiyar Garaya

A ƙauyen Gidan Ɗinya akwai gidan makaɗan garaya, masu yi wa maharba kiɗa tun kaka da kakanni. Jatau ne ya gaji sana'ar. Ƙanensa Barmo kuwa magidanci ne, da gemunsa da 'ya'ya uku, amma Allah bai ba shi kunnen kiɗa ba, sai na jin magana. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tabawa kan ce zama da shi ba wuya, muddin ka auna maganarka kafin ta fito.

Saura kwana bakwai a naɗa sabon Sarkin Dawa, sai babbar tsirkiyar garayar Jatau ta tsinke. Ta jijiyar bijimi ce, marigayi mahaifinsu ya murza ta da hannunsa, kuma ita ke ba garayar amon nan mai kauri da ke sa maharba tsima. A al'adarsu, makaɗin da ya kasa tsima su ranar naɗi ya sauka ke nan, a kira wani. Hankalin Jatau ya tashi ƙwarai.

Wata rana, wato washegari, ya aiki Barmo wurin mahauta ya karɓo jijiya, ya ce ya kai gida ya sa ta a ruwa har ta yi laushi. Barmo ya jiƙa, ya ga ruwan sanyi wasa yake yi da ita, sai ya sa Tabawa ta hura wuta. Ita kuma da ta ga nama a tukunya ta zuba gishiri da daddawa. Da la'asar aka kawo wa Jatau tsirkiyarsa a kwano, tana tururi. Laushi kam ta yi, ko maras haƙori zai ci.

Wata rana Jatau ya ce da babu gara ba daɗi, bari a gwada zaren kamun kifi. Ya tura Barmo bakin rafi, ya gargaɗe shi kada ya karɓo sabo don miƙewa yake yi, ya nemo wanda ake aiki da shi. Barmo ya tarar da wani masunci ya kafa fatsa yana gyangyaɗi, ya naɗe zaren har da tarwaɗar da ke jikinsa. Masuncin ya biyo shi har gida da sanda. Bayan an ba shi haƙuri da kifinsa, Jatau ya ɗaura zaren ya kaɗa. Amon siriri, kamar kukan sauro. Tabawa ta leƙo ta ce wannan sai dandalin 'yan mata.

Wata rana kuma Jatau ya ce Barmo ya samo masa wayar birki, ko ta wane keke ce. Keken da Barmo ya fara gani na surukin Jatau ne, jingine a ƙofar masallaci. Dattijon ya idar da azahar, ya hau abinsa, ya kama gangaren kasuwa, bai tsaya ba sai cikin kududdufi. Ita kuma wayar ba ta biya wahalar ba. Ƙara gare ta har ƙarshen gari, amma mai tsini ce ba daɗi, ta yanke wa Jatau yatsa, karnukan maharba suka yi ta haushi.

Ana gobe naɗi, Jatau ya murza sabuwar jijiya da kansa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗanyar jijiya ba ta da murya, in ya taɓa sai ta ce "duf" ta yi shiru. Ya zauna ya zabga tagumi. Barmo ya durƙusa gabansa.

"Yaya, me kuma zan samo?"

"Samo mini jijiyar da ta shekara arba'in a ɗaure tana shan ja. Kada in ƙara ganinka sai da ita."

Don ya rabu da shi ya faɗa. Amma da hantsin ranar naɗi sai ga Barmo da tsohuwar tsirkiya, baƙa wuluk, tana ƙyallin maiƙon hannu. Ba lokacin tambaya, Jatau ya ɗaura ya nufi fili.

Can ya tarar wuri ya yamutse. Bakan da tsohon Sarkin Dawa, Baba Mantau, zai miƙa wa magajinsa an wayi gari ba tsirkiya. Maharba sai huci suke yi suna rantse-rantse. Nan take Jatau ya gane abin da ke jikin garayarsa. Gudu ba dama, sai ya runtse ido ya kaɗa taken maharba.

Amon ya fito da kauri, da wani gurnani a ƙarƙashinsa. Baba Mantau, wanda ya shekara goma ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa sai an riƙe shi, ya ɗaga kai. Ya ture masu riƙonsa, ya miƙe, ya yi kirari da muryar da aka manta yana da ita. Nan take fili ya ɗauka, maharba suka yi ta tsima.

Da ƙura ta lafa, tsohon ya matso da hawaye a gemunsa.

"Shekara arba'in muryar nan tana bakin kunnena duk sa'ad da na saki kibiya. Wa ya kwanto ta?"

Barmo ya fito ya durƙusa. "Ni ne, ranka ya daɗe. Na tambayi gari duka, taka kaɗai ta cika arba'in."

Maharba suka zaburo, tsohon ya ɗaga musu hannu. Ya ce sabon sarki ya murza wa bakan tasa tsirkiyar, kamar yadda shi ma ya yi. Sannan ya dafa kafaɗar Jatau.

"Bar ta a nan, ɗana. Shekara goma tana rataye a zaurena ba ta ce uffan ba. Sake kaɗa mini."