Nomau da Kwamin da Ba Ya Cika

A garinmu akwai wani bawan Allah, Nomau, wanda in ka ce masa ya tsaya, to ka tuna ka dawo ka ce ya tafi, in ba haka ba nan za ka same shi gobe. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma malalaci ba. Magana ce kawai ba ya yi mata ragi, ba ya yi mata ƙari. Gidansa ɗaki ɗaya ne da rumfa, sai matarsa Lantana da 'yarsu Tasalla, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Lantana mace ce mai haƙuri, amma haƙuri ba ya cika tukunya. Duk aikin da Nomau ya samu, kafin a yi nisa an kore shi. Na ƙarshe kiwo ne. Mai awakin ya ce kada ya bari su ci gonar kowa, sai Nomau ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure musu baki da igiya, suka wuni a haka.

Da abin ya ishi surukinsa, Malam Haladu na Tungar Marke, wani ƙauye da ke bakin daji, sai ya zo ya tafi da 'yarsa da jikarsa. A ƙofar gida ya tsaya ya ce, "Ban ce ka sake ta ba. Ka riƙe aiki ɗaya tak, daga yanzu har saukar ruwa, ba a kore ka ba, ka zo ka ɗauki iyalinka. In aka kore ka, mu haɗu gaban alƙali."

Nomau ya durƙusa ya ce, "To, Baba."

Ni kuwa kuku ne a wani masaukin baƙi can tsakiyar gandun daji, inda babu gari babu kasuwa, waya ma sai ka hau tudu take kamawa. Aikin na rani ne. Ana buɗewa idan ciyawa ta bushe masu kuɗi suka fara zuwa kallon namun daji, a rufe idan damina ta yanke hanya. Uwar Nomau 'yar ɗakinmu ce, Kawu yake ce mini, don haka na ɗauke shi na kai wa Manaja. Na san abin da na ɗauko. Amma wa zai ga yaro zaune a ƙofar ɗakin da ba kowa, yana riƙe da takalmin 'yarsa, ya wuce?

Wata rana, yana sharar ɗakuna, wani likita da ya zo hutu daga birni ya ce masa, "Zan ɗan kwanta. In ka ga dabba, ko wace iri ce, ka ƙwanƙwasa mini." Likita bai gama miƙe ƙafa ba ya ji bugu. Ya fito a guje da na'urar hoto, Nomau ya nuna masa ƙadangare a jikin bango. Ya koma, aka sake bugawa: kurciya ce. Aka sake: kazata ce da nake kiwo bayan kicin. Wajen la'asar likita ya fito ido jajur, Nomau ya ce, "Yallaɓai, wannan karon da yawa ne," ya kai shi ga jerin gwano. Mutumin da ya biya kuɗin mako guda, washegari ya tattara kayansa. Manaja ya cire Nomau daga ɗakuna ya mayar da shi sito.

Wata rana Manaja zai fita, ya ba shi sanda ya ce, "Biran nan ɓarayi ne. Ka tsaya nan, kada ko ɗaya ya shiga ta ƙofar nan." Nomau ya kafe a ƙofa kamar an dasa shi. Birai suka zo, suka dube shi, suka zagaya ta taga. Yana jin su suna farke buhun shinkafa, suna fasa ƙwai, har wani babba ya fito ta tagar da burodi a hammata ya zauna gabansa yana ci. Da Manaja ya dawo ya ga ɓarna, ya ɗora hannu a ka. Nomau ya ce, cikin jin daɗi, "Ranka ya daɗe, ko ɗaya bai bi ta ƙofa ba." Ranar na durƙusa wa Manaja, ni da furfurata, aka mayar da shi yaron mota.

Wata rana za a shiga daji da baƙi, direba ya ja masa kunne. "Ka zauna a baya. Ko me ka gani kada ka buɗe baki, hayaniya tana korar nama." Aka yi nisa, aka tsaya kallon ɓauna, wani Alhaji mai ƙiba ya sauka ta baya ya zaga bayan kurmi kama ruwa. Direba bai gani ba, ya ja mota. Nomau yana kallon Alhaji ya fito yana gudu, hannu ɗaya riƙe da mazagi, ɗaya yana ɗagawa, har ya zama ɗan ɗigo a hanya. Bai ce uffan ba. Sai da aka iso masauki matar Alhaji, wadda ke zaune a gaba, ta waiwaya ta ƙwalla ihu. An sami Alhaji a kan reshen marke, babu hula babu takalmi, yana ta salati.

Yanzu kam Manaja ya ce ya tattara ya tafi. Na bi shi ofis na faɗa masa komai, har da maganar alƙali. Ya yi wata dariya da ban so ba. Ya ce, "Baba Kuku, ba zan kore shi ba. Shi zai kori kansa." Can gangare, nesa da masauki, akwai tsohon famfon tuƙa-tuƙa da wani dogon kwami na siminti da aka gina don namun daji, aka watsar da shi saboda gindinsa ya tsage. Kowa ya san ko kogi ka juye masa ba zai riƙe ba. Manaja ya kai Nomau wurin ya ce, "Ka cika shi fal. Kada ka bar wurin nan sai ya cika. Zan zo in gani."

"To, ranka ya daɗe."

Daga nan dariya ta ƙare, don ni ban ƙara ganin abin dariya ba. Nomau ya kama hannun famfo tun hantsi har faɗuwar rana. Ruwa ya taru kamar taƙi ɗaya, ya tsiyaye ta tsagar, ya gangara kwari. Gobe haka, jibi haka. Ya kafa 'yar bukka a gindin wata tsamiya, ni nake kai masa abinci. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi, sai ya naɗe da tsumma ya ci gaba.

Bazarar shekarar nan ban taɓa ganin irinta ba. Lokacin ruwa ya yi ya wuce, sama fes. Tafkunan daji suka ƙafe, ka ga gwanki kwance a bakin busasshen taɓo ungulu na jiransa. Baƙi suka ɗauke ƙafa, wa zai biya kuɗi ya zo kallon mushe? Mai masaukin ya daina aiko man janareto, ya daina aiko albashi. Ma'aikata suka riƙa sulalewa, yau direba, gobe mai wanki. Manaja ya shiga motar ƙarshe ya ce zai je birni ya dawo. Ko gangaren bai leƙa ba.

Wata rana na sauka na same shi yana tuƙi, tsumman hannunsa ya rine. Raina ya ɓaci, na ce, "Kai Nomau, ba ka da ido ne? Kwamin nan fasasshe ne! Wasa da hankalinka aka yi. Manaja ya gudu, ba mai biyanka ko sisi. Zo mu tafi gida."

Bai saki famfo ba. Ya ce, "Kawu, an kore ni?"

"Wa ya rage da zai kore ka?"

"To ai bai cika ba."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na ga yaro zai mutu a kan maganar da mai ita ya manta ya yi ta. Barinsa kuwa ban iya ba, sai na zauna muna cin ragowar garin da birai suka bari.

Ruwan da ke tsiyayewa ya mayar da kwarin nan taɓo, kuma duk faɗin dajin nan kaɗai ke da laima. Gada ta fara zuwa, sai mugun dawa, sai ɓauna. Wata rana da hantsi giwaye suka iso da 'ya'yansu, ƙasusuwan baya a waje. Na haye tsamiya ina kiransa. Shi ko waiwaye bai yi ba, an ce kada ya bar wurin. Suka zuƙe kwamin tas, suka tona taɓon da haure, suka kwanta a ciki. Nomau ya dube su ya ce, "Kawu, kullum suna mayar da ni baya." Daga ranar ba su ƙara yin nisa da famfon ba.

Sai da aka fid da rai sannan hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya fi ƙarfin tsagar, kwami ya cika har yana ambaliya. Nomau ya leƙa, ya taɓa bakinsa da gwiwar hannu don yatsun ba sa miƙewa, ya ce, "Ya cika. Ruwa kuma ya sauka." Muka kama hanya a ƙafa, ba mu da komai sai kayan jikinmu.

A Tungar Marke muka tarar labari ya riga mu. Duk shekarar fari, ƙishirwa takan koro giwaye daga daji su faɗa wa ƙauyen, su tattake lambuna, su fasa rumbuna su cinye har iri. A farin da ya wuce har rai aka rasa. Bana mutane sun yi ta zaman jira da ganguna da gwangwanaye na korarsu, giwa ko ɗaya ba ta fito ba, sai wani mai gadin daji ya gaya musu abin da ya tsare su. Ga shi ruwa ya sauka, kowa da irinsa a rumbu, har Malam Haladu.

Masaukin dai bai sake buɗewa ba, ba a kuma biya mu ba. Malam Haladu ya fito, Nomau ya durƙusa ya ce, "Baba, ba a kore ni ba." Tsohon ya dubi hannayen nan da suka ƙanƙame kamar ƙafar kaza, ya kawar da kai. Ya ce, "Na ji. Amma ga damina ta zo, da me za ka riƙe fartanya? Me za su ci?" Gaskiya kuwa ya faɗa. Ya juya ya shige gida.

Lantana ce ta fito. Ta kwance tsumman hannun Nomau a hankali, ta duba, ta mayar. Ta nuna masa wani kututture a gindin bango ta ce, "Malam, zauna nan. Kada ka tashi sai na dawo."

Ni dai na san wanda aka faɗa wa, na kuma ga yadda irin wannan magana take ƙarewa. Ya zauna. Azahar ta yi, yayyafi ya dawo, na ce ya matso cikin zaure, ya girgiza kai. Muna jin muryoyi daga cikin gida, ta tsohon tana tashi, ta Lantana ba ta tashi, ba ta kuma yin shiru. Ruwa yana bin wuyan rigarsa, idonsa a kan ƙofa.

Cikin duk waɗanda suka taɓa ce wa Nomau ya jira, ita kaɗai ta dawo dominsa. Ta fito da Tasalla a baya, ƙullin kaya a ka, da fartanyar ubanta a kafaɗa. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Na dawo. Tashi."